Ƙwai a Baka: Nazarin Lamarin Wani Matashin Manomin Riɗi a Jigawa

A watan Agustan 2023, saura kamar mako shida a fara yankan riɗi, wani matashi a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari ya karɓi kuɗin ba-da-kaka a kan buhu biyu na riɗin da ko furensa bai gama zubarwa ba. Abin da aka ba shi bai kai rabin abin da buhunan za su yi bayan kaka ba, kuma ya san haka sarai, don tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Kuɗin ba su yi kwana goma a aljihunsa ba. Kafin su ƙare ya yanke jiki ya faɗi a gonar da yake ƙwadago, yana jijjiga, kumfa na fita daga bakinsa. A amalanken shanu aka kawo mana shi.

Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin da ƙauyukan yankin ke zuwa. Na rubuta wannan ne da yardarsa da ta yayansa, na sakaya sunansa da na garinsu. Zan kira shi Auta, yadda mahaifiyarsa ke kiransa.

Tarihinsa

Shekarunsa 26 a lokacin, yana da mata da 'ya ɗaya. Mahaifinsu ya rasu shekara huɗu kafin nan, aka raba gona, ya sami yankinsa. Tiramol ya fara sha tun yana ɗan shekara 19, a wurin noman ƙwadago, inda ake biyan mutum gwargwadon kunyar da ya nome. Wani abokin aiki ya ɓalla masa rabin ƙwaya, ranar ya yi aikin mutum biyu bai ji gajiya ba. Da farko sai damina yake sha, daga baya rani ma ya shiga ciki. Lokacin da aka kawo shi, yana haɗiyar mai ƙarfin miligiram 225 guda huɗu ko biyar a yini, wato miligiram 900 ko fiye, alhali likita ba ya wuce 400 ko ga mai ciwo mai tsanani. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta yarda da abin da ya wuce mai 50 da mai 100 ba. Waɗannan manyan ta bayan fage suke shigowa. Jijjigar da ta kayar da shi sanannen aikin tiramol ne idan ta yi yawa a jiki.

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki kuwa irin su tiramol da kodin suke sha ba da umarnin likita ba. An hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma tiramol ba ta bar gonaki ba.

Kafin riɗin, ya sayar da tunkiyar matarsa mai ciki, saura 'yan makonni ta haihu. Ya sayar da takin zamanin da yayansa ya ba shi, buhun ko kwancewa ba a yi ba. Ya taɓa cire batirin wayarsa ya sayar, wayar ta zama hoto. Duk ciniki ɗaya ne aka yi ta maimaitawa: babban abu na gobe a kan ƙaramin abu na yau.

Mahaifiyarsa ta riƙe mini hannun riga a ƙofar ɗakin da muka kwantar da shi. "Likita, Autana ba haka yake ba. Sammu aka yi masa." Yayansa, wanda ya girme shi da kusan shekara goma sha biyar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, faɗa mun yi, nasiha mun yi, gaban liman mun kai shi ya rantse. Ko kwana uku rantsuwar ba ta yi ba." An riga an ba su shawarar gidan mari, har sun fara tara kuɗin mota.

Tambayar dubu goma

Bayan kwana biyu, da hankalinsa ya dawo, na zauna da shi a kan benci a bayan asibiti. Na ce masa, a ce ina bin ka da alheri, zaɓi ɗaya: naira 10,000 bayan wata guda, ko naira 9,000 yanzu. Ya ce yanzu. Na sauko 7,000, ya ce yanzu. 5,000, yanzu. 3,000, yanzu. Sai da na kai 1,500 ya yi shiru, sannan ya ce to, wannan kam zai jira. A wurinsa ke nan dubu goman wata mai zuwa ba ta fi dubu biyun yau ba. Da na yi wa yayansa tambayar a keɓe, a 8,000 ya tsaya.

Sai na juya tambayar. Naira 5,000 bayan wata goma sha biyu, ko 10,000 bayan wata goma sha uku? Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Haba likita, wanda ya jira shekara ai ba ya kasa ƙarin wata ɗaya. Goman zan ɗauka." Tazarar ɗaya ce, wata guda, riba ɗaya ce, ninki biyu. Idan duka biyun suna nesa, lissafinsa ya fi na ɗan kasuwa kyau. Da zarar ɗaya ya zo gaban idonsa, lissafin sai ya rushe.

Wannan shi ne jigon lamarin, kuma shi da kansa ya fi kowa iya faɗarsa. "Likita, kullum da daddare idan na kwanta na ga yarinyar nan tana barci, wallahi na daina. Ba ƙarya nake ba, na daina har zuciyata. Amma da asuba idan na tashi, jikina kamar an daka ni a turmi, hanci na zuba, ƙafafuna ba sa zama wuri ɗaya, ko gonar duka aka ce in bayar a kan ƙwaya biyu zan bayar."

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan abu, suna kiransa karyewar darajar abu saboda jinkiri. Kowa yana da shi, shi ya sa Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma a Suratul Isra'i aya ta 11 Allah ya siffanta mutum da gaggawa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, George Ainslie, ya nuna a 1975 cewa darajar ba a hankali take sauka ba: faɗuwa take yi warwas a kwanakin farko na jira, sannan ta lafa. Saboda haka zaɓin mutum yake juyewa idan ƙaramin abin ya matso. Duk wanda ya taɓa tafiya a daji ya ga misalinsa. Daga nesa kowa ya san kuka ta fi sabara tsayi. Je ka tsuguna a gindin sabarar, za ta rufe maka kukar gaba ɗaya. Da daddare Auta yana hango su duka biyun daga nesa. Da asuba yana gindin sabara.

A 1999 Kris Kirby da Nancy Petry da Warren Bickel suka gwada masu shan hodar heroin da irin tambayoyin da na yi masa, nasu guda 27 ne, suka tarar darajar kuɗin gaba tana karyewa a wurinsu kusan ninki biyu na sauran mutane. An ga haka a masu shan giya da taba da hodar ibilis da 'yan caca. An kuma ga cewa idan ƙwayar ta fara barin jikin mai shanta, karyewar tana ƙara tsanani, daidai da labarin asubar Auta. Abin yana tafiya ta fuska biyu: mai gaggawa tun asali ya fi saurin faɗawa shaye-shaye, shaye-shayen kuma yana ƙara masa gaggawar. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne wani binciken na Bickel da abokansa, shi ma a 1999, wanda ya nuna waɗanda suka daina shan taba suna zaɓi irin na waɗanda ba su taɓa sha ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙwayar

A zama na uku matarsa ta faɗi abin da ya sauya mini kallon lamarin. Tana rufe da baki da gefen mayafi ta ce tun rasuwar Baba maigidan nata bai koma daidai ba. Ya daina zuwa dandali, ya daina sauraron ƙwallo a rediyo, yakan farka tsakar dare ya zauna a bakin gado har kiran assalatu. Akwai ranakun da ko ƙwayar ya sha ba ya fita gona. Na tambaye shi yadda yake hango kansa nan da shekara biyar. Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Ba na ganin komai, likita. Kamar hazo." Na tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa, don tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin, kuma rashin yin ta yana iya cin rai. Ya ce bai taɓa shirya komai ba, yana tsoron Allah, amma sau da yawa yakan ji da ma kada ya farka.

Ciwon damuwa ne mai tsanani, ya yi shekaru yana cin sa ba wanda ya kira shi da sunansa. A 2019 Michael Amlung da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan masu cututtukan ƙwaƙwalwa daban-daban, suka ga wannan fifita na yanzu ya fi yawa a masu ciwon damuwa, da masu ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, da masu ciwon rabuwa da zahiri, da masu cin abinci ba ƙaƙƙautawa. Waɗanda suka fita daban su ne masu ciwon ƙaurace wa abinci, su jiran ne ya yi musu yawa. Ga mai damuwa dalilin a fili yake. Haƙuri ciniki ne, kana ba da daɗin yau don ka karɓi na gobe. Wanda goben ta zame masa hazo, me zai karɓa?

Ba zan ɗora komai a kan cuta ba, don hakan zalunci ne. Auta ya taso inda jira yake yawan cin mutum. Ya ga an rubuta sunayensu za a ba da taki, takin bai zo ba. Ya ga maƙwabcinsu ya ajiye kuɗi, tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ta cinye su a ajiye. A jami'ar Rochester an yi wani gwaji da aka buga a 2013: aka ajiye wa yara alewa ɗaya, aka ce wanda ya jira za a ƙara masa. Yaran da aka riga aka saɓa wa alkawari kafin gwajin sun jira kamar minti 3, waɗanda aka cika wa kuwa kamar minti 12. Yaro ma ya san alkawarin wa ake jira. Shi ya sa na maimaita wa Auta tambayata da tiyar gero a madadin naira, tunda gero ba ya karyewa kamar kuɗi. Amsarsa ba ta sauya sosai ba. Yayansa kuma talauci ɗaya suke ciki, alkawura ɗaya aka saɓa musu, amma bai sayar da riɗinsa a tsaye ba. Talaucin ya share fage, damuwa da tiramol suka yi shuka.

Abin da aka yi

Na roƙi yayan ya bar maganar gidan mari. Mari yana hana ƙwaya isa baki, amma ranar da aka kwance shi sabarar tana nan inda take. Kuɗin motar da suka tara da su aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa; mutanen yankinmu Kazaure suke zuwa ko Dawanau a Kano. Can likita ya janye masa tiramol a hankali, sannan ya ɗora shi a kan maganin damuwa. Jerin yana da muhimmanci, don haɗa tiramol da irin waɗannan magunguna yana iya tayar da jijjiga ko ya jawo wata illar mai haɗari. Kada wanda ya karanta wannan ya je kemis ya haɗa da kansa.

Maganin damuwa yana da wata matsala da ta dace da cutar Auta kamar an auna. Ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a fara jin sauƙi, illolinsa kuwa kamar tashin zuciya tun kwanakin farko suke zuwa. Tiramol minti talatin zuwa awa ɗaya ta isa. Mun ba mutumin da ba ya iya jira maganin da sai an jira. Na faɗa masa haka tun ranar farko, na zana masa kwanakin a bayan katinsa, matarsa tana soke ɗaya duk safiya bayan ya haɗiye a gabanta.

Sauran aikin a gida aka yi shi, kuma dabarar ba baƙuwa ba ce. Rumbu ma ai don haka aka yi shi: ƙofarsa a sama, sai da tsani, sai maigida ya ce a hau. Adashi ma haka ne, kana ɗaure kuɗinka a hannun uwar adashi tun kana da hankalinka. Da aka karkaɗe riɗin a watan Oktoba, mai ba-da-kaka ya ɗauki buhunansa biyu, saura buhu ɗaya da 'yan tiyoyi. Da daddare, lokacin da Auta yake hango kuka, aka zauna da shi da Yaya da Inna. Shi ya faɗi sharaɗin da bakinsa: riɗin ya zauna a ɗakin Yaya, idan ya nemi a sayar, sai an kwana uku ya sake nema. Ya ce, "Yaya, ko na yi maka rashin kunya kada ka ba ni." Kuma ya yi rashin kunyar, sau biyu, har da dukan ƙofa. Duka biyun kafin kwana ukun su cika ya janye. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun ga irin wannan a manoman masara: da aka ba su damar biyan kuɗin taki nan take bayan girbi a kawo musu daga baya, masu sa taki suka ƙaru, alhali da ma suna da niyyar saye, kuɗin ne ba sa kaiwa lokacin shuka.

Ɗaure hannu kaɗai ba ya isa, dole lafiya ita ma ta riƙa biya da wuri. Stephen Higgins ya gwada wannan a jihar Vermont ta Amurka a farkon shekarun 1990 da masu shan hodar ibilis: duk fitsarin da ya fito ba ƙwaya, a ba mutum takardar sayayya, ladan yana hawa idan ya ɗore, yana komawa ƙasa idan ya zame. Mu ba mu da abin gwada fitsari, sai muka dogara da zuwansa asibiti Litinin da Juma'a da shaidar matarsa. Yaya yana cire masa ɗan abu daga kuɗin riɗinsa duk mako, ba a hannu ba, a kaya: makon farko katin waya da batir, na uku takalmin yarinya, na shida budurwar kaza. Wani dattijo ya ce mini wannan ai cin hanci ne, a biya mutum don ya bar abin da bai kamata ya fara ba. Na fahimci ƙorafinsa. Amma ƙwaya tana biyan Auta kafin rana ta take, mu kuma muna ce masa ya jira lafiya da mutunci na wata shida. Ba a cin wannan kasuwa da wa'azi kaɗai.

Sai maganar hazo. Matarsa tana da ciki a lokacin. A kowane zama nakan sa shi ya ba ni labarin ranar suna kamar yana cikinta: wa zai zo da sassafe, wace riga zai sa, ragon wane launi ne, a ina za a ɗaure shi, wa zai raba goro. Farko jimla biyu yake yi ya tsaya. A wata na uku har gardama yake yi da ni a kan ko Balami zai saya ko Uda. Jan Peters da Christian Büchel sun nuna a Jamus a 2010 cewa idan aka haɗa ranar karɓar kuɗi da wani takamaiman abin da mutum zai yi a ranar, yakan fi iya jira. "Gaba" kalma ce kawai. Rago mai baƙin kai ɗaure a gindin darbejiya kuwa ana ganinsa.

Azumin 2024 ya nuna mana wani abu. Ya kai talatin ɗinsa cikin zafin Maris da Afrilu, yini guda ba ruwa, bai karya ko ɗaya ba. Na ce masa ya duba: mutumin da ake cewa ba shi da haƙuri ke nan. Ya iya jira idan ya san lokacin shan ruwa, ya tabbata zai zo, kuma gari duka tare ake jira.

Zamewa

A noman farko na daminar 2024 ya koma. Ya fita ƙwadago da tsofaffin abokansa, rana ta yi tsaka, bayansa ya riƙe, ana ta wuce shi a kunya, wani ya miƙo masa. Kwana tara ya yi yana sha a ɓoye kafin matarsa ta tsinci fankon sacet a aljihun wandonsa. Yaya ya zo mini ransa a ɓace, ya ce an yi asarar wata takwas. Na ce masa ba a yi ba: riɗin bara ba a sayar a tsaye ba, ragon suna an yanka, kuma wannan karon kwana tara ne, ba shekara bakwai ba. Haɗarin da na fi tsoro shi ne jikinsa ya riga ya saba da rashinta, adadin da yake sha a da zai iya kashe shi yanzu, ga kuma maganin damuwa a jikinsa. Washegari aka mayar da shi wurin likita. Ladan mako ya koma matakin farko kamar yadda aka yi sharaɗi, ba zagi, ba gori. Ƙwadagon rukuni kuma aka dakatar, ya koma aiki a gonar Yaya ana biyansa da yamma, kuɗin a hannun matarsa.

A ƙarshen watan Yuli na sake yi masa tambayar dubu goma a kan bencin nan. A 6,500 ya tsaya. Har yanzu yana shan maganinsa, barcinsa ya gyaru, amma yakan ce mini akwai safiyar da ƙafafunsa ke tuna masa. Tunkiyar matarsa bai biya ba tukuna, ya ce sai kaka.

A tsakiyar Agusta mai ba-da-kaka ya dawo a kan babur, ya same shi a bakin gona, riɗin ya yi fure fari tas. Matarsa ce ta ba ni labarin, ita kuma yaron da ya kai masa fura ya faɗa mata. Mutumin ya zaro kuɗi ya ƙirga a gabansa. Auta ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Alhaji, riɗin nan ba a hannuna yake ba. Ka je wurin Yaya, in ya yarda ka dawo bayan kwana uku." Da ya shigo gida a ranar bai ci tuwon dare ba, matarsa ta ce har tsakar dare tana jin yana juyi a kan tabarma. Ranar Juma'a ya zo asibiti da katinsa tun kafin in buɗe ƙofa.